Orazbai Zai Kai Raƙuma Zagayen Kofi

Ni da Orazbai shekara guda aka haife mu, layi guda muka tashi a nan Akkum, don haka ina da ikon faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi ma haka, kuma ba mai riƙe wani. Haka sa'anni suke a wurinmu. To tunda ina da ikon, bari in more shi: bawan Allahn nan bai taɓa sa hannu a abu ya bar shi da rai ba. In ya gyara maka famfo, nemi kwale-kwale. Amma je ka same shi ranar Asabar a gidan wankan tururi, ya hakimce a bencin sama, tawul a ka, tumbi a cinya, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ƙwallon kwando.

Ƙungiyar garinmu, Raƙuman Akkum, ta yi shekaru tana gadin ƙarshen teburin gasa, har mun saba. Muna zuwa kallo ne saboda zauren wasan ya fi gidajenmu ɗumi. Sai bana abu ya juya. Aka kawo sabon koci, Nurtas, yaro mai shiru-shiru da ba ya dariya. Aka ɗauko wani zabgegen Ba'amurke, Terens, wanda sai ya sunkuya yake shiga kanti. Uwa uba hannun Meiram, autan Orazbai, ya buɗe, duk inda ya tsaya ya saki ƙwallo sai ka ga raga ta motsa. Suka dinga ci, har ya zama saura wasa uku a rufe kaka, kuma guda ɗaya tak suke bukata su shiga zagayen kofi, inda ƙungiyoyin saman teburi ke fitar da gwani.

A gidan Orazbai kuwa abin ya wuce wasa. Mai injin casar shinkafa, wanda ke ɗauke da nauyin ƙungiyar, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in bana ma ba a shiga ba, ya tsame hannunsa, kowa ya kama gabansa. Wata babbar ƙungiya kuma can arewa, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa, ta daɗe tana zawarcin Meiram, yana ƙi. Auta ne, auta kuwa ba ya barin gidan ubansa. Yayyensa duk sun watse, shi ne zai zauna da tsofaffi ya riƙe gida. Amma in babu ƙungiya a Akkum, me zai zauna ya yi, casar shinkafa? Uwarsa Zauresh ta san wannan sarai, shi ya sa duk ranar wasa ko shayi ba ya wuce mata.

Ranar Asabar ɗin nan ni na tsokano shi. Na ce, "Ni fa ban yarda da Raƙuman nan ba tukuna. Su wa suka ci? 'Yan ma'adinai sun zo rabinsu na mura. Masu haƙar man fetur kuwa, motarsu ta mutu a hanya, da ƙafa suka ƙaraso. Sauran kuwa yaran makaranta ne da gashin baki."

Orazbai ya leƙo ni daga sama ta cikin tururi. "Sagindik, kai kana maganar shiga zagaye, ni maganar ɗaukar kofin nake. Na riga na share masa wuri a kan kabad."

"In aka danne Terens a ƙarƙashin kwando fa, wa ke nan? Jifan kyauta kuwa, surukata za ta fi su."

"Hassada ce ke cin ka. Kai da ko ƙwai aka wurgo maka sai dai a wanke maka riga. Ni na yi wasan nan a soja."

"Wasa ɗaya ka yi, ka fasa tagar kwamanda, aka mayar da kai feraye dankali."

"Ka san nisan tagar? Tambayi kowa, ba kowane hannu ke kaiwa can ba. Hannun nan ne a jikin Meiram."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya miƙe tsaye, tawul ya zame, ya cafe shi da ƙyar, ya ce shi zai kai yaran nan zagayen kofi da kansa, kuma ya gano matsalarsu: yunwa. "Kun ga abin da kocin nan ke ba su? Ganye! Raƙumi guda a ba shi ganye!"

Na ce, "Raƙumi ai ganye yake ci, tsohon banza."

"Wannan raƙumin jeji ne. Ni na gari nake magana."

Wasan farko cikin ukun a wani gari ne, tafiyar yini a mota. Orazbai ya yi ta sintiri gidan koci, hula a hannu, wai sai yara sun biyo ta gidansa ya sallame su. Nurtas ya zille, ya zille, amma a garin nan ka ƙi teburin dattijo ai ka mare shi ke nan. Ya ce, "Shayi kawai, Baba Orazbai. Shayi, mu wuce, mota na jira."

"Shayi kawai, ɗana. Ni ma ba na son ɓata muku lokaci."

Shayin nan doki guda aka yanka masa. Ina wurin, da idona na ga tire-tire suna fitowa daga kicin, nama ya lulluɓe taliya ba ka ganin ta, kitse na ƙyalli, ga kan rago an ajiye gaban koci. Yara suka ɗan tattaɓa don ladabi suka janye hannu. Sai Orazbai ya naɗe hannun riga ya tashi. Kowa ya san abin da ke tafe. In dattijo ya damtso nama da kitse a tafinsa ya nufo bakinka, buɗewa kake yi, ba a cewa an ƙoshi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu, yana kirari. "Wannan na jifan nesa ne. Buɗe! Wannan na tsalle ne." Har kocin bai tsira ba, yana cewa "Baba, don Allah," aka toshe maganar da kitsen wuya.

Terens shi ya fi kowa jin daɗin ranar. Aka miƙa masa kwanon shubat, nonon taguwar nan namu mai tsami, ya kurɓa, ya zaro ido, ya shanye ya miƙo kwano. Zauresh ta raɗa wa mijinta, "Baban Meiram, bai saba ba fa." Orazbai ya ce jiki irin wannan ai tulu guda ma ba zai ji ba, ya ƙara masa, ya sake ƙarawa.

Duk wanda ya san shubat ya san baƙon da ya fara shan sa ba ya nisa da banɗaki. Mu muna biye da motar yara a tsohuwar motata, ba mu yi nisa da gari ba sai ga ta ta ci birki, Terens ya diro a guje. To filin nan namu ka san shi, shimfiɗe yake har inda ido ya ƙare, ko kara ɗaya babu da mutum zai raɓa. Mutum mai tsawon falwaya kuma ko ya tsuguna ana hango shi daga wani gari. Sai yara biyu suka sauko da tutar ƙungiya suka ja masa labule. Haka muka yi tafiyar nan, a yi gaba kaɗan a tsaya, a fito da tuta. Masu wucewa suna ganin tutar suna danna mana ham, suna tsammanin murna muke.

A filin wasa zaman Terens a banɗaki ya fi zamansa a benci yawa, sauran kuwa suna gudu kamar an ɗaura musu buhu. Aka lallasa mu lilis. A hanyar dawowa na ce, "To malamin abinci, yaya?"

"Ƙarfin naman bai gama shiga jini ba. Naman doki sai ya kwana huɗu. Jira wasa na biyu ka sha kallo."

Zauresh ta tare shi tun daga ƙofa. "Baban Meiram, don girman Allah ka zauna a gida. Ka ji a rediyo kamar sauran tsofaffi."

"Ni ne sauran tsofaffi? Mace, ba ki san ƙwallo ba. Abin da yaran nan suka rasa yanzu kwarjini ne."

Kwarjinin kuwa a wurin surukinsa ya aro shi: wani tsohon raƙumi mai tozo biyu, ga shi lokacin zubar gashi, yana tafe yana yaye kamar tsohuwar katifa. Orazbai ya zura wa kowane tozo rigar ƙungiya, ya ja shi tsakiyar gari har zauren wasa, yara na biye suna ihu. Mai gadin ƙofa ɗan ƙanwarsa ne. Ya ce, "Kawu, ina za ka da wannan?"

"Ciki."

"Kawu, ba shi da tikiti."

"Sunansa ne a jikin tikitin, shashasha. Buɗe ƙofa biyun."

Gaskiya dai gaskiya ce, shigowarsu ta yi kyau. Zaure ya ɗauki sowa, baƙin da suka zo wasa suka tsaya da ƙwallo a hannu, baki buɗe. Orazbai na ɗaga wa mutane hannu hagu da dama. Sai mai ganga ya buga, fitilu suka haska, raƙumi ya ɗora ƙafa a katakon nan mai santsi. Ƙafar gaba ta yi gabas, ta baya ta yi yamma. Ya yi wani gurnani, ya durƙushe a tsakiyar fili daidai inda ake tashin ƙwallo, ya gyara zama ya fara tuƙa.

Alƙalin wasa ya iso yana huci. "Na wane ne wannan?"

"Na ƙungiya ne," in ji Orazbai. "Ɗan wasa na shida."

"Fitar da shi yanzun nan!"

"To ai kai ke da usur, busa masa."

Aka ja, aka tura, aka roƙa. Wani babba da hukumar wasanni ta turo ya matso yana nuna agogo, raƙumi ya dube shi sama da ƙasa ya feshe masa kwat da koren yawu. Sai kyaftin ɗinmu Aibar, wanda in ban da Meiram duk ƙungiyar ba mai jifan nesa kamarsa, ya ce shi cikin raƙuma ya tashi, a ba shi wuri. Ya kama leɓen dabbar zai murɗa, ita kuwa ta kama hannunsa na dama ta riƙe. Kai, ihun da yaron nan ya yi har yau yana kunnena. Daga ƙarshe raƙumin da kansa ya miƙe, don ya hango wata yarinya na cin fanke a bakin ƙofa, ya bi ta, ya bar wa masu shara tsaraba a tsakiyar fili.

Yara sun yi ƙoƙari ranar, Terens ya warke yana ta danna ƙwallo a kwando, amma da yake ba Aibar, sai baƙi suka taru a kan Meiram, ba jifan nesa. Aka ci mu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Koci Nurtas, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tara masu gadi ya ce duk wanda ya sake barin Baba Orazbai ya shigo, ko da raƙumi ko ba raƙumi, a bakin aikinsa.

Washegari na je yi masa jaje irin namu, wato dariya, na tarar Meiram ya zaunar da shi a tsakar gida. Yaron nan akwai ladabi, kansa a ƙasa yake magana. "Baba, saura ɗaya. Ka bar mu mu yi wasanmu. Wallahi mun iya, ba mu bukatar komai. Ni ba na son zuwa arewa, ba na son barin Inna."

"Wa ya ce za ka tafi? Ina raye?"

"To ka yi mini alkawari."

Orazbai ya dafa ƙirji ya rantse ba zai ƙara taɓa ɗan wasa ba, ba zai ƙara taka katakon fili ba, ba abinci, ba dabba. Zauresh na daga taga tana cewa a ƙara masa da ɗaure ƙafa. Ni har na ɗan ji tausayinsa, don ya yi laushi kamar an jiƙa shi.

Laushin bai kai jibi ba. Sai ga shi a gidana yana waige-waige. "Sagindik, ara mini motarka, zan ɗauko kaya a kasuwa."

"Wane irin kaya?"

"Alewa. Da cuku. Da ɗan fanke."

"Orazbai, ka rantse fa."

"Na rantse ba zan taimaka musu su ci ba, to na bari. Amma in sun ci fa? Garin nan ya shiga zagayen kofi a karon farko, a tashi haka lami, ba shashu? Mu maguzawa ne? Amarya ma da ba ta ci kowa ba ana yi mata."

Nan kam ya ɗaure ni, don ba a yin abin farin ciki a wurinmu ba a watsa wa mai abin alewa da cuku a ka ba, jama'a su wawashe, kowa ya kai wa 'ya'yansa albarka gida. Aikin tsofaffin mata ne, don haka ya je ya sami Iya Kulash, wadda ba a biki a unguwarmu ba ita a gaba, ta tara masa duk wata tsohuwa mai sauran ƙarfin dantse. Ya raba musu jakunkuna, ya ce kada wadda ta motsa sai ta ji umarninsa, don su ba su san ƙa'idar wasa ba, shi ya sani.

Na ce, "Ta ina za su ji umarninka, kai da aka hana shiga?"

Ya kashe mini ido ɗaya. Tun daga nan na san akwai magana.

Ranar wasan ƙarshe zaure ya cika ya batse, har kan tagogi mutane ne. Baƙin namu ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, na biyu a teburi, ƙarti majiya ƙarfi, ba mai mura a cikinsu. Mai injin shinkafa na zaune a gaba da sabuwar hula. Zauresh na gefena tana murza gefen mayafi. Na ɗaga kai sama wajen da tsofaffin mata suka jeru da fararen lulluɓi, sai na hango wata gwaggo a tsakiyarsu, kafaɗa kamar ta mahauci, ta ja lulluɓi har hanci, ga takalmin sojan da na sani shekara arba'in yana leƙowa ƙarƙashin siket. Mai gadi ya gan ta sarai, amma wa ya isa ya ɗaga lulluɓin tsohuwa? Na kau da kai, don in na faɗa wa Zauresh a wurin za ta suma.

To ranar na janye maganata. Yaran nan ƙungiya ce, ba sa'a ba ce, ba murar wani ba ce. Aka danne Terens a ƙarƙashin kwando kamar yadda na ce, sai ya dinga fito da ƙwallo waje, ana zubawa. Aibar da hannu a naɗe yana tare mutane da ƙirji. Jifan kyautar da na raina ko ɗaya ba su zubar ba. A ci nan, a rama can, har muryata ta dushe, ni da na zo da niyyar gatsine. Ana dab da tashi baƙi na gaba da maki biyu, ƙwallo ta faɗo hannun Meiram can nesa a kusurwa, mutum biyu a kansa. Ya yi sama ya saki. Wayyo Allah, ƙwallon nan ko ƙarfen kwando ba ta taɓa ba.

Jifan nesa maki uku ne, mun wuce da maki ɗaya! Zauresh ta ƙanƙame ni tana kuka. Sai ƙaho ya yi ƙara.

Ƙahon nan na hutun shawara ne. Kocin baƙi ne ya nema, don akwai sauran 'yar daƙiƙa a agogo, ga ta ɓaro-ɓaro da jan rubutu a saman kwando. Kowane yaro a zauren ya san haka. Masanin ƙa'ida kaɗai ne bai duba ba. Gwaggon nan ta miƙe, ta fizge lulluɓi, gashin baki ya bayyana, ta buɗe murya kamar ta bijimi: "Shashu! Iyaye, shashu! Mun shiga!"

Ban taɓa sanin tsofaffin unguwarmu na da hannu haka ba. Sama ta yi duhu. Alewa, fanke, cuku, cukun nan namu kuwa busasshe ne kamar tsakuwa. Guda ya sami alƙali a tsakiyar sanƙo, ji kake ƙwas. Wani ya tafi da sabuwar hular mai injin shinkafa. Yara ƙanana suka tsallake shinge suka cika fili suna wawaso, iyayensu na biye, don ba a barin shashu a ƙasa. Su ma 'yan benci namu da suka ga ruwan alewa suka ɗauka an tashi, suka kwasa a guje cikin fili suka ɗaga Meiram sama. Koci Nurtas na tsaye yana ihu, "Ku dawo! Ba a tashi ba!" wani fanke ya faɗo masa a aljihu.

Alƙali ya yi ta busa har ya gaji. Da ƙura ta lafa, hannu ɗaya dafe da ƙulun kansa, ya yanke wa bencinmu laifin shiga fili, ya ba baƙi jifan kyauta. Aka share, aka goge, aka kori yara. Ɗan jirgin ƙasa ya tsaya ya jefa, ta shiga, aka yi kunnen doki. Har yanzu da sauran rai, in aka tare su 'yar daƙiƙar nan sai a ƙara lokaci. Suka jefo ƙwallo daga gefe, ɗan wasansu ya zabura, Meiram ya bi shi kafaɗa da kafaɗa, ya kusa shan gabansa, sai ƙafarsa ta taka wata alewa guda da tsintsiya ta tsallake. Ya zame ya zauna daɓas. Mutumin ya ɗora ƙwallo a kwando a hankali, ƙaho ya yi ƙara, wannan karon na gaske.

Meiram na zaune a ƙasa ya ɓamɓaro alewar daga tafin takalmi, ya dube ta, ya ɗaga kai sama. Duk zauren ya bi idonsa. Ga Orazbai tsaye shi kaɗai, siket har ƙwauri, lulluɓi a wuya, ragowar jaka a hannu.

Ya yi gyaran murya. "Jama'a, agogon nan yana da matsala. Tun bara nake faɗa."

Iya Kulash ce ta fara sauke masa jaka a ka. "Kai ka ce ka san ƙa'ida! Ka sa na jefi alƙali da cukun da na shanya da hannuna!" Sauran suka rufa masa. Da ƙyar na fito da shi ta ƙofar baya, yana tuntuɓe da siket, yana ce mini a ƙasashen da suka ci gaba da an sake wasan. Mai injin shinkafa ya wuce mu ba hula, ko kallo ba mu ishe shi ba. Kafin sati ya zagayo an sallami yara, Terens ya zo ya yi wa Zauresh sallama, ta ba shi guzurin komai ban da shubat, Meiram kuma ya amsa kiran mutanen arewa.

Ranar tafiyarsa ni na kai su tasha. Zauresh na kujerar baya da ɗanta, ta riƙe hannunsa, tun ranar wasa ba ta ce wa mijinta ko sannu ba. Muna sauke kaya Orazbai ya ja ni gefe, idonsa na ƙyalli.

"Sagindik, yaron nan ba inda za shi."

"Inna lillahi. Me kuma?"

"Ni zan yi masa addu'ar tafiya, ko ba ni ba? In na ɗaga hannu, akwai wanda ya isa ya motsa kafin in shafa? Jirgin nan ba ya daɗewa a Akkum. Zan faro daga kakan kakansa, in bi dangi ɗaya bayan ɗaya, in shiga dabbobi. Kafin in kai kan awaki jirgi ya yi gaba. Gobe in sake."

Na buɗe baki in zage shi, sai na fasa. Wallahi a duk dabarun da ya yi a rayuwarsa wannan ce kaɗai za ta iya ci, don in dai surutu ne, Orazbai zai iya tsayar da jirgi uku. Har Zauresh da ta jiyo mu ta ɗago kai ta dube shi, ba ta ce a'a ba.

Jirgi ya shigo ya tsaya. Rabin gari ya zo rakiya, har Koci Nurtas da Aibar. Meiram ya ajiye jaka ya tsaya gaban ubansa, ya sunkuyar da kai ya buɗe tafuka. "Baba, sa mini albarka."

Orazbai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya ja numfashi mai yawa irin na wanda zai yi nisa. "Ya Allah, wannan yaro..." Sai ya dubi yaron. Dogo ne, ya fi shi da kai guda, amma ya sunkuyo har ana ganin tabon ƙeyarsa na faɗuwa daga keke. "Wannan yaro nawa..." Ya sake gwadawa, ba abin da ya fito. Gashin baki ya fara rawa, hawaye suka zubo masa shar, mutumin da ko ranar da aka binne uwarsa sai da ya yi jawabi. Kunya ta kama shi, ya kai tafukan nan biyu ya share fuska.

"Amin!" in ji jama'a gaba ɗaya, kowa ya shafa.

"A'a! Ban gama ba! Ba shafawa na yi ba!"

Ina, an riga an shafa. Meiram ya rungume shi, ya rungume uwarsa, ya ɗauki jaka ya haye, ma'aikacin tasha ya ɗaga tutar tashi. Orazbai ya bi jirgin da gudu yana dukan taga, "Ban kai kan kakanka ba ma! Meiram! Ka riƙa cin nama!" har dakalin tasha ya ƙare, ya tsaya yana haki.

Mutane suka watse, suka bar mu mu uku. Na tanadi baƙar magana tun daga gida, mai kyau kuwa, amma da ya juyo na ga fuskarsa sai na haɗiye ta. Ya tako a hankali ya tsaya gaban matarsa, ya kasa kallon ta.

"Zauresh, da kin bar ni na sake..."

Ta kama hannun rigarsa, ta goge masa hanci da gefen mayafinta kamar yaro. "Wuce mu tafi gida, Baban Meiram. Yau dai ka yi addu'a mai kyau. Wuce, ba kowa a gidan, na bar shayi a wuta."